Lallen da aka ƙunsa wa samudawan Komadugu



Akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo a fadojin shayi, har masu saurare kan bugo waya gidan radiyo a kanta. Iyaye na kuka da abin da samari ke kallo da saurare a waya: finafinan Nasara masu sarakuna da macizai masu aman wuta, da littattafan yaƙi na Kano da ake karantawa a zuba a karti memwar, cike da bokaye da aljanu da sadaukai masu sare kawuna. Iyaye sun ce wannan kaya baƙo ne, yana busar da zuciyar yaro. Samari sun ce ai tatsuniya ce, mene ne a ciki? Mu dai muna ganin kowane ɓangare ya manta abu guda. Irin wannan labari ɗan gida ne a bakin Komadugu. Muna da namu, ya girmi nasu, kuma in aka zauna aka saurare shi da kunnen basira ya fi nasu ɗaci.

Bari mu faɗi irin labarin da muke nufi. Tatsuniyar yara tana da tsarinta: Dodo mugu ne, yarinya mai ladabi ta tsira, kishiyar uwa ta sha kunya, ƙurunƙus. Wadda muke zance a kai tatsuniyar manya ce. Akwai tsafi da dodanni a cikinta, amma muguntar da ta fi tayar da hankali daga masu neman mulki take fitowa, kuma wanda ka ɗauka jarumi sai ka iske hannunsa jina-jina. Wanda samarinmu suka fi sani shi ne Game of Thrones, da aka nuna daga 2011 zuwa 2019, wanda aka ɗauko daga littattafan wani Ba'amurke, George R. R. Martin, da ya fara fitarwa a 1996. Marubucin bai ɓoye ba cewa ya ɗebo da yawa daga yaƙin basasar da gidajen sarauta biyu suka yi a Ingila a ƙarni na 15. To a cikin wannan ƙarnin dai, wajen shekarar 1470, ake gina Birnin Gazargamu a nan ƙetaren kogi, wajen Gaidam. Yadda aka samu ƙasar da aka kafa shi a kai, shi ne zancenmu na yau.

Amma sai mun ɗan koma baya, zuwa Kanem, gabas da tafkin Cadi, inda gidan Saifawa ya fara mulki. A ƙarni na 13 an yi wani Mai da ake kira Dunama Dibbalemi. Babban sarki ne, ikonsa ya kai har Fezzan, kuma a zamaninsa aka buɗe wa alhazai da ɗaliban Kanem masauki a Alƙahira. A fadarsa akwai wani abu da ake kira Mune. A naɗe yake, a rufe, kuma tun kaka da kakanni babu sarkin da ya taɓa kwance shi. Mutane sun yi imani nasarar yaƙi tana tare da shi. Dunama ya ce shi sai ya ga abin da ke ciki. Aka gargaɗe shi, ya ƙi ji. Da ya buɗe, abin da ke ciki ya tashi ya tafi, bai sake dawowa ba.

Wanda ya rubuta mana wannan shi ne Imam Ahmad Ibn Furtu, babban limamin Gazargamu, a littafinsa na yaƙoƙin Kanem, wajen 1578, shekara fiye da 300 bayan faruwar abin. Ku lura fa, liman ne. Mutum zai zata zai yaba wa sarkin da ya fasa kayan tsafi. Ina! Laifi ya ɗora masa, har ya kwatanta Mune da akwatin nan na Bani Isra'ila da aka ambata a Suratul Baƙara cikin ƙissar Ɗalutu. A faɗarsa, daga ranar manyan fada kowa ya buɗe ido, kowa ya fara kwaɗayin sarauta da muƙami. Aka yi yaƙi da Tubawa shekara 7 da wata 7 da kwana 7 (wannan lissafi kansa ƙamshin tatsuniya gare shi).

Abin da ya fi ba mu sha'awa a nan: babu wani aljani da ya fito daga Mune ya cinye gari. Kwaɗayin mutanen da jiya suke zaune a tabarma ɗaya ne ya cinye Kanem. Muddin abin yana rufe, kowa na tsoronsa, har sarki. Ranar da aka buɗe, kowane mai dawaki ya gane cewa mulki na wanda ya fizga ne. Masana tarihi suna da nasu bayanin da ba aljani a ciki: daga baya gidan sarauta ya rabu biyu, zuriyar Idris da zuriyar Dawud, suna kashe juna, Bulala kuma suka samu ƙofa. Wajen ƙarshen ƙarni na 14 Mai Umar ɗan Idris ya kwashi mutanensa ya bar Njimi, ya yo yammacin tafki. Suka yi kusan shekara 100 ba su da tsayayyen birni. A bakinmu na yau, ƴan gudun hijira ne.

A nan suka iske Sao, waɗanda wasu ke kira So. Duk wanda ya tashi kusa da tsohuwa a ƙasar Manga ko Mobar ko bakin tafki ya taɓa jin su. Samudawa ne, in ji labari. Ɗayansu zai je farauta ya dawo da giwa a kafaɗa kamar ɗan akuya. In ya yi kira daga wannan gari sai a amsa masa daga wancan. Bakansa gungumen itace ne, tulunsa mutum zai shige ciki ya ɓace. Har yau in manomi ya tono wata ƙatuwar randa a tsohon kufai, sai a ce ta Sao ce. Maƙwabtanmu na Cadi ma sunan suka sa wa ƙungiyar ƙwallon ƙafarsu ta ƙasa.

Labarin ya ce da Mai Ali Gaji ya iso bakin Komadugu da mutanensa, wani babban Sao mai suna Dala Ngumami ne ya karɓe su, ya nuna musu wurin zama, har ya taya su ɗauko itatuwan kafa gari. Aka zauna. Amma zaman ɗan akuya da kura ne, baƙi suna cikin fargaba, don ko wasa ƙaton ya yi da kai sai ka ji a jikinka. Ran nan Sao suka ga hannuwan baƙi sun yi ja jawur da lalle. Abin ya ba su sha'awa, suka ce su ma suna so. Aka ce ai ba wuya. Aka yanka shanu, aka yayyanka ɗanyar fata, aka ƙunsa musu lalle aka ɗaure hannuwan da ita tamau, aka ce kada su kwance sai ya kama. Mu da muka san ƙunshi mun san da ganye ko tsumma ko zunguru ake yi. Su ba su sani ba. Fata ta bushe, ta ƙanƙame kamar ƙarfe. Sannan aka zaro takubba.

Wani Baturen Ingila, H. R. Palmer, da ya yi razdan a Barno, ya tattara ruwayoyin wannan labari ya buga cikin littattafansa na 1928, kuma bakin kowane gari da ɗan bambancinsa. Amma ƙashin bayan labarin ɗaya ne ko'ina. To jama'a, a wannan tatsuniya wane ne dodo? Wanda ya ba baƙo masauki, ko baƙon da ya yi masa kwalliyar ajali? Kuma abin mamaki, jikokin waɗanda suka ci nasara ne suka adana labarin, suna ba ƴaƴansu da dare, ba su goge ha'incin ba. Wasu na ba da shi da dariya, a matsayin dabara ta fi ƙarfi. Mu kam duk lokacin da muka ji shi, sai mu ji kamar wata al'umma ce ke furta abin da ya tsaya mata a maƙogwaro, ta hanyar da ba za a kama ta da laifi ba.

Don kuwa akwai rubutaccen tarihi a bayan tatsuniyar, kuma babu lalle a cikinsa. Jerin sarakunan Barno da ake kira Diwan ko Girgam, wanda Bajamushe Heinrich Barth ya samu kwafinsa a Kukawa bayan isowarsa a 1851, ya nuna cewa tun kafin ƙaura, a ƙarni na 14, sarakuna 4 a jere, ƴan uba ɗaya, Sao ne suka kashe su a fagen yaƙi. Ke nan gabar tsohuwa ce. Sannan shi wannan Ibn Furtu, a littafinsa na 1576 kan yaƙoƙin ubangidansa Mai Idris Alauma, ya faɗi dalla-dalla yadda aka gama da Sao-Gafata, waɗanda ke zaune a bakin kogin nan namu, shekara 100 bayan gina Gazargamu. Babban garinsu? Damasak. Damasak ɗin nan da muka sani, ta ƙetaren Chetimari.

Mai Idris yana da ƴan bindiga da Turkawa suka horar, yana da dawaki, amma Sao-Gafata suna da garuruwa masu kafi da kurmi mai duhu da doki ba ya ratsawa. Sai ya gina wani gari na soja kusa da Damasak, aka sa masa suna Sansana, ya zuba mayaƙa a ciki. Daga nan aka bi su da haƙuri, shekara bayan shekara. A sare itatuwan da suke ɓuya a ciki. In damina ta yi, a shiga gonaki a sassare amfanin tun bai nuna ba. In sun fito neman abinci a far musu. Da garuruwan suka faɗi, aka kashe maza, aka kwashe mata da yara bayi. Liman ya rubuta duk wannan yana godiya ga Allah, don a wurinsa arna ne masu taurin kai. Mu da muka yi lakwal mun haddace sunan Idris Alauma a matsayin sarkin da ya gina masallatan jan bulo, ya gyara shari'a, ya yi hulɗa da Istanbul, kuma duk gaskiya ne. Amma babu mushen da ya taɓa ce mana yunwa ce makaminsa a Damasak. Kuma ku dubi sunan nan, Sansana. Yau in aka ce sansani a jahar Diffa, kowa Sayam yake tunawa.

Da masu tonon kufai suka zo, irin su Jean-Paul Lebeuf na Faransa da ya fara aiki a kudancin tafki tun shekarun 1930, da Graham Connah da ya tona tudun Daima a Barno a shekarun 1960, sun samu manyan randunan, wasu da gawa a ciki, sun samu mutum-mutumin yumɓu da kayan adon tagulla. Ƙasusuwan kuwa na mutane ne kamar ni da kai. Manoma ne, masunta, maƙera, magina tukwane. Sunan Sao ma laƙabi ne da aka yafa wa al'ummomi daban-daban da aka iske a ƙasar. Kuma ba su ƙare ba. Kotoko na Kamaru da Cadi suna cewa su jikokinsu ne, mutanen tsibirai suna da labaran da ke haɗa su da su, sauran kuma sun narke cikin Barebari ta hanyar bauta da aure da Musulunci. Wato mai ba da labarin lalle, wataƙila jinin wanda aka ɗaure yana gudu a jikinsa.

To me ya sa aka mai da su ƙatti? Girman randuna da tuddan kufai sun taimaka, ba shakka. Amma akwai wani amfanin. Kashe basamude jarumta ce, ana yi mata kirari. Kashe manomi a gonarsa kuwa sunansa daban. In ka ƙara wa abokin gabarka tsawo kamu goma, ka ƙara wa kanka girma, kuma ka rage wa kanka nauyin da za ka kwana da shi.

Laƙabi kuma ba ya zama wuri ɗaya. A 1808 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Goni Mukhtar suka ci Gazargamu, Mai Ahmad ya gudu. Hujjarsu ita ce mutanen Barno suna haɗa Musulunci da al'adun arna. Daular da ta shekara ɗaruruwa tana kiran wasu arna, ga shi an kira ta da sunan. Shehu Laminu, wato Muhammad al-Amin al-Kanemi, ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello na Sakkwato yana kare Barno, yana cewa saɓo daban, kafirci daban, kuma Bello ya adana wasiƙun cikin Infaƙul Maisuri. Birnin dai bai sake tashi ba, aka koma Kukawa a 1814. Wani ɗan malami daga ƙasar Gazir, Ali Eisami, yana cikin waɗanda wannan rikici ya tarwatsa. Aka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu ta ƙasar Hausa da ta Yarabawa har bakin teku, jirgin Ingila ya ƙwace shi ya sauke a Saliyo. Can wani ɗan mishan, Koelle, ya rubuta tatsuniyoyi da labaran Barebari daga bakinsa, aka buga a 1854. Ba mu kawo wannan don a tono tsohuwar gaba tsakanin Fulani da Barebari ba, shafin nan na kowa ne. Mun kawo shi don a ga yadda rigar dodo take yawo daga wuya zuwa wuya.

Sai Rabe. A 1893 ya ci Barno ya ƙone Kukawa, ya koma Dikwa da zama. A 1894 Shehu Kiyari ya tare shi a Gashagar, a bakin Komadugu, aka kama Kiyari aka kashe. Tsofaffi ba su yi wa Rabe ƙarya ba, ya yi ɓarna, ya kwashi bayi, ya tatse talakawa. Faransawa suka riƙe wannan a matsayin hujja: sun zo su raba baƙar fata da azzalumi. Ranar 22 ga Afrilu 1900 suka kashe shi a Kusuri, suka sare kansa suka ɗauki hoto. Kwamandan Lamy ma a nan ya mutu, shi ya sa N'Djamena ta amsa sunan Fort-Lamy har 1973. Amma ɗaya daga rundunoni uku da suka haɗu a Kusuri, ita ce ragowar rundunar Voulet da Chanoine, wadda shekara guda kafin nan ta bi ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta yi wa Birnin Ƙonni kisan da har yau ba a manta ba. Da Faransa ta aiko Kanar Klobb ya tsai da su, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli 1899, ya tara sojojinsa ya shaida musu ya bar Faransa, daular kansa zai kafa. Kwana biyu zuwa uku sojojin suka kashe shi da Chanoine, kaburburansu na nan Maijirgi a bakin hanya. Ragowar suka ci Damagaram, daga baya wasunsu, ƙarƙashin Joalland, suka iso N'Guigmi a watan Oktoba. Ka ba marubucin almara wannan, zai ce ya yi yawa, ba za a yarda ba. Duk da haka a littattafan mulkin mallaka Rabe ne dodo, su kuwa masu kawo wayewa.

Ɗan jahar nan ne ya juya wannan labari. Abdoulaye Mamani, haifaffen Goudoumaria a 1932, ɗan Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, ya fitar da littafinsa Sarraounia a 1980. Ya ɗauki matar Lugu da ta tsaya wa Voulet a Afrilu 1899, wadda sojojin Nasara da maƙwabtanta Musulmi duk suke yi wa kallon matsafiya, ya mai da ita jaruma, ya nuna dodon a cikin kakin soja. Med Hondo ya yi fim da shi a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. A faɗi gaskiya, Mamani ma ya ƙara gishiri, don takardun Faransawa ba su ba ta wuri mai yawa ba, kuma littafinsa ƙagaggen labari ne. Amma ya gane abin da muke faɗi tun ɗazu: wanda ya riƙe bakin tatsuniya shi ke raba riguna.

Yanzu mu zo inda zancen ke da zafi. A watan Nuwamba 2014 Boko Haram ta ci Damasak, ta kwashe ɗaruruwan yara, mutane suka faɗo kogi suka ƙetaro wurinmu. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai wa Bosso da Diffa hari. Ku tuna irin zantukan da muka riƙa yi a lokacin. An ce dabino ake ba yaro ya ci, hankalinsa ya juye. An ce harsashi ba ya kama su. An ce ɓacewa suke. Cikin wata kaɗan mun ƙera samudawanmu. Kuma tatsuniyar ta yi mana daɗi ta wani gefen, don ta ɗauke mana tambaya mai nauyi. In dabino ne, to ba sai mun yi zancen kuɗi da moto da alkawarin aure da aka riƙa yi wa samari ba. Ba sai mun yi zancen manomin tattasai da ambaliyar 2012 da 2013 ta bari da bashi ba, ko wa'azin da aka shekara ana saurare a waya ba wanda ya tanka, ko yaran da aka tafi da su da bakin bindiga. Wannan ba wanke kowa ba ne. Wanda ya yanka mutum ya yanka, wanda ya sace matan Ngalewa da ƴaƴansu a Yuli 2017 ya sace, kuma zai amsa a gaban Allah in bai amsa a nan ba. Amma mutum ne ya yi, da sunansa da sunan ubansa, kuma hakan ya fi dabino ban tsoro.

Rigar kuma ta faɗa kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Bayan harin tsibirin Karamga na 25 ga Afrilu 2015, inda muka rasa sojoji 46, aka ba mutanen tsibirai ƴan kwanaki su fice. Kimanin mutum dubu 25 suka fito, da yawa a ƙasa cikin zafin watan Mayu, wasu ba su kai N'Guigmi ba. Aka hana moto, aka hana kamun kifi da cinikin tattasai, don a toshe wa ƴan ta'adda hanyar kuɗi, kuma sai da aka ɗauki shekaru kafin a sassauta. Hukuma tana da hujjarta, yaƙi ake yi, sojojinmu na mutuwa. Ba mu ce daidai yake da abin da Mai Idris ya yi ba. Amma wanda ya karanta Ibn Furtu, in ya ji an ce a hana abinci isa wurin abokin gaba, ya san cikin wa zai fara kuka. A kasuwa kuma aka fara cewa ai Buduma duk su ne. Sunan ma ba nasu ba ne, su Yedina suke kiran kansu, maƙwabta ne suka laƙa musu mutanen ciyawa. Ƴan uwanmu na N'Guelbély sun san ɗanɗanon wannan, don a wasu jahohin da wasu ƙasashen yau Bafillace ne ke sanye da rigar, ya ji ko bai ji ba.

Tatsuniyar yara tana ƙarewa da an kashe Dodo an fasa cikinsa, mutane sun fito. Tamu ta ƙi ƙarewa haka. Tun ƙarshen 2016 gwamnati ta yi kira ga masu son tuba su miƙa wuya, aka buɗe musu cibiya a Goudoumaria, garin su Mamani. Aka koya musu sana'a, aka sallami wasu. Sai ga dodo ya dawo unguwa da keken ɗinki, uwarsa na murna, maƙwabciyarta da aka yi wa yankan rago a gida tana kallo, ita ba wanda ya ba ta ko allura. Wa zai ce mata ta yi haƙuri? Wa kuma zai ce wa yaron da aka sace yana ɗan shekara 12 ya koma daji? Mun sha jin ɓangarorin biyu, kuma babu wanda muka iya ce wa ƙarya kake.

Iyaye suna da gaskiya a abu guda: finafinan nan akwai tsiraici da zubar da jinin da bai kamata yaro ya gani ba, kuma waya a hannun ɗan shekara 10 ba tare da mai duba shi ba ganganci ne. Wannan a tsaya a kai. Amma saurayin da ya ga gawa a bakin hanya tun yana firamare, ba za ka ce masa ya tsaya ga Gizo da Ƙoƙi ba. Yana neman labarin da ya yi kama da duniyar da ya gani, inda mai mulki ke iya zama mugu, mugu kuma ke da uwa. Rubutun Hausa ma da aljanu da sadaukai ya tashi, tun Ganɗoki na Bello Kagara a 1934 da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Abin da ke ba mu haushi shi ne marubutan yaƙi na yanzu sai su kai mu wasu birane na ƙage can wajen Misra da Farisa, da sunayen da ba kakan kowa, alhali kufan Garumele na jan bulo yana nan kusa da N'Guigmi motoci na wuce shi, ganuwar Gazargamu tana kwance a ƙetare, Mune kuma ba wanda ya taɓa shi.

In Allah ya sa cikin masu karanta mu akwai mai alƙalami, ɗan Diffa ko ƴar Maine, ga kaya nan a zube. Sai dai muna roƙon abu guda: bakin fada mun ji shi, liman ya rubuta, an fassara shi harsuna. A ba mu labarin daga bakin wata mace Basao da ke zaune a ƙofar ɗakinta da hantsi, ta dafa wa baƙi abinci jiya, tana kallon fatar nan tana bushewa a hannun mijinta, shi kuma yana ta dariya yana tambayarta ko lallen ya fara kamawa.